Maigidana ya dawo daga asibiti, amma ya ƙi fitowa daga ɗaki

Assalamu alaikum Anti. Maigidana shekararsa 54. Wata 9 ke nan da ya faɗi da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ne ya taɓu, kuma maganarsa ta ɗauke. Mun yi sati 3 a asibiti aka sallame mu, muka ci gaba da zuwa gashi har wata 2, daga baya nisa da hidima suka sa muka daina. Yanzu yana takawa da sanda zuwa banɗaki, hannun dama kuwa ba ya amfani da shi ko kaɗan. Kalmomin da ke fita bakinsa ba su fi 10 ba, wani lokaci ya ce "e" alhali "a'a" yake nufi. Ni nake masa komai: wanka, sa kaya, ba shi abinci a baki, in baƙi sun zo ni nake amsa musu. Da farko gida cike yake da masu dubiya, yanzu sai a yi sati ba wanda ya leƙo, in ma an zo sai ya juya fuskarsa bango. Mutumin da ya yi shekara 25 yana koyarwa a gaban aji! Ma'aikaciyar gashin da ta duba shi a ƙarshe ta ce akwai ƙungiyar waɗanda suka yi irin ciwonsa, suna haɗuwa duk sati ba nisa da mu, kuma akwai ma'aikatan da ke zuwa gida su yi wa mutum atisaye. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya fashe da kuka. Yayansa ya ce in bar shi ya huta, wai in an wuce wata 6 abin da ya dawo ya dawo ke nan, kuma kai shi cikin marasa lafiya tallata shi ne. Ni kuma Anti na gaji. Shekaranjiya ya zubar da ruwa a gado na daka masa tsawa, har yanzu na kasa yafe wa kaina. In tilasta masa ya je ne? Ko dai yayan nasa ne ke da gaskiya, in haƙura?

Daga wata mai jinya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wata 9 ɗin nan da kika yi a tsaye.

Kada ki tilasta masa. Babban mutum ne mai hankalinsa, kuma ciwon ya riga ya raba shi da abubuwa da yawa, bai kamata ikon cewa "a'a" ya bi su ba. Amma irin haƙurin da yayan nasa yake nufi, wato a rufe ƙofa a naɗe hannu, shi ma ban ba ki shawararsa ba. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne mutumin da duniyarsa ta tsuke ta koma ɗaki ɗaya da mace ɗaya, macen kuma ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Dole wasu mutane su shigo cikin jinyar nan, sannu a hankali, kuma da yardarsa.

Zancen wata 6 yana da tushe, shi ya sa ya bazu. Sauƙin da ake samu bayan wannan ciwo ya fi sauri a watanni 3 na farko, lokacin da kumburin ƙwaƙwalwa ke saɓewa, sassan da suka gigice amma ba su mutu ba suke farfaɗowa. Daga nan tafiyar takan rage gudu, zuwa wajen wata 6 sai mutanen gida su ga kamar ta tsaya cak. Ba ta tsaya ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke musu sun tafi ke nan, amma na kusa da su suna iya koyon wani ɓangare na aikin da waɗancan suka bari, kuma abin da ke koya musu shi ne maimaitawa, sau ɗaruruwa, kamar yadda turba ke fitowa a cikin ciyawa in ƙafa ta yawaita bi. A 2006 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 222 waɗanda suka yi wata 3 zuwa 9 da faɗuwa. Waɗanda aka rufe wa hannun mai lafiya da safar hannu, aka sa su aiki da mai raunin awanni da dama kullum har sati 2, sun fi sauran samun amfanin hannun, kuma ribar tana nan bayan shekara guda. A Jamus kuma, a 2017, an gwada mutum sama da 150 waɗanda maganarsu ta yi aƙalla wata 6 da ɗaukewa, aka ga cewa sati 3 na horo mai ƙarfi, aƙalla awa 10 a sati, ya kyautata yadda suke isar da buƙatarsu a zancen yau da kullum. Kada ki je ki ɗaure masa hannun hagu don kin ji wannan. Dabarar tana buƙatar a ce yatsu da wuyan hannun suna ɗan motsi, kuma masani ne zai auna hakan. Na kawo miki su ne don ki san wata 9 ba makara ba ce.

Ba zan yi miki alkawarin zai koma yadda yake da ba. Mutane da yawa suna ƙarasa rayuwarsu da wani abu na raunin. Amma mutumin da ke da kalma 100 yana iya faɗin inda ke masa ciwo, ya tambayi lafiyar ɗan'uwansa, ya nuna abin da ba ya so. Hannun da ba zai yi rubutu ba yana iya danne takarda ko riƙe murfin kwalba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda ya rasa su.

Ina so in daɗe kaɗan a kan maganarsa, don ina ganin nan ne tushen juya fuska bango. Abin da ya same shi likitoci suna kiransa afeziya, kuma yakan sami kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi wannan ciwo. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane a nan harshe yake zaune, shi ya sa abin ya zo masa tare. An daɗe da sanin wannan. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya yi shekara 21 ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", alhali yana gane abin da ake gaya masa. Bayan rasuwarsa aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da rauni ta gaba a ɓangaren hagu. Afeziya takan taɓa magana, takan taɓa fahimtar dogon zance, da karatu da rubutu, ko wanne gwargwado. Hankalin mutum kuwa, da saninsa, da ra'ayinsa, da kunyarsa, suna nan. Malamin da ya yi shekara 25 a gaban aji yana cikin ɗakin nan, yana jin komai.

To ki tuna yadda masu dubiya suke yi. Wani ya shigo ya tambaye ki "ya jikin nasa?" alhali maigida yana zaune a gabansa. Wani ya ɗaga murya kamar kurma yake wa magana. Wani ya duƙa ya ce "ka gane ni? Faɗi sunana!" sai ya zama an yi wa malami jarrabawa a gaban jama'a kuma ya faɗi. Ba da mugunta suke yi ba, ba su sani ba ne. Amma wanda aka yi wa haka sau goma zai gwammace bango.

Ana iya gyara wannan, kuma daga ke zai fara. A kashe rediyo da talabijin in za a yi masa magana. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, da muryar da ake yi wa babba, jimla gajera mai ɗauke da abu ɗaya. Sannan a jira. Jiran nan shi ne mafi wuya, don shirun daƙiƙa 10 yana da tsawo ga mai lafiya, sai ya yi sauri ya cike gurbin, kalmar da ta kusa fitowa ta koma. Ki ajiye takarda da alƙalami a kusa, ki riƙa rubuta kalmar da zancen ya rataya a kanta da manyan baƙaƙe, ko ki zana, ko ki nuna hoto a waya. Tunda "e" da "a'a" suna rikice masa a baki, ki rubuta su a kati biyu ya riƙa nunawa da yatsa, kuma ki maimaita masa abin da kika fahimta ya tabbatar. In kin kasa ganewa ki ce masa, "Na san ka san abin da kake son faɗa, ni ce ban kama ba, mu sake gwadawa." Za ki kuma lura cewa abin da ya haddace tun da daɗewa, ƙirga, ko ranakun mako, ko addu'a, ko waƙar da ya saba rerawa, yakan fito da sauƙi fiye da sabon zance. Masu horar da magana suna amfani da wannan ƙofa sosai.

Kukan da ya yi kuma kada a wuce shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna kamuwa da ciwon damuwa, kuma a wurin mai afeziya ya fi saurin ɓuya tunda ba zai iya faɗa ba. Ki duba barcinsa, da cin abincinsa, da ko akwai wani abu da har yanzu ke sa fuskarsa ta saki. Akwai kuma wani abu daban da raunin ƙwaƙwalwa ke jawowa, inda kuka ko dariya ke ɓarkewa fiye da abin da mutum ke ji a ransa, ya kasa tsayar da su. Dukansu ana maganinsu. Ki gaya wa likitansa a fili cewa kina so a duba shi ta wannan fuska, don wanda damuwa ta danne ba zai yi atisaye ba, ba zai so ganin kowa ba, kuma ba taurin kai ba ne. In har ya taɓa nuna miki alamar ya gaji da rayuwa, ko ya fara ƙin magani da abinci gaba ɗaya, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a kai shi a ranar.

Yanzu ga maganar da za ta ɗan yi miki nauyi. Kin ce "ni nake masa komai." Na san ƙauna ce ta sa, da tausayi, da kuma cewa in kin yi da kanki ya fi sauri. Amma hannunsa na hagu lafiyarsa lau, me ya sa ake ba shi abinci a baki? Duk aikin da kika karɓe masa, kin karɓe masa atisayen ranar. Hannun dama kuma, in ya gwada sau biyu ya kasa, ƙwaƙwalwa takan koyi yin watsi da shi, har ɗan motsin da ya dawo ma ba za a gani ba don ba a neme shi ba. Ki fara mayar masa da ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ci da kansa ko da zai ɓata riga. Ya wanke fuskarsa da ƙirjinsa a zaune a kan kujera, ke ki yi bayan da ƙafafu. Wajen sa riga a fara zura hannun mai rauni, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. In yana zaune a ɗora hannun daman a kan tebur ko matashi inda idonsa zai riƙa ganinsa, kada a bar shi yana reto. Kuma kowa a gidan ya sani: ba a jan wannan hannu don a tashe shi, ba a ɗaga shi ta hamata, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, jan yana iya gocar da ita ya bar shi da ciwo mai wuyar warkewa. In yana tari ko shaƙewa lokacin shan ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan ya haɗiya, a sa masani ya duba haɗiyarsa, don abin da ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu.

Kada ki fahimce ni da cewa ke za ki zama likitan gashinsa. An gwada wannan. A Indiya an ɗauki mutum 1,250 a asibitoci 14, aka koya wa iyalan rabinsu yadda za su yi wa majinyacinsu atisaye a gida, aka bar musu aikin. Da sakamakon ya fito a 2017, ba a ga bambanci ba bayan wata 6 wajen yawan waɗanda suka rasu ko suka ci gaba da dogaro da wani. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne iyali su kaɗai ba sa isa, komai ƙoƙarinsu. Saboda haka ma'aikatan nan da aka ce suna zuwa gida, ki neme su cikin satin nan. Wannan ba ya buƙatar ya taka ƙofar waje, kuma zai fi sauƙin yarda da shi.

Zuwa gida yana da wata fa'ida da asibiti ba shi da ita. A can ana koya wa mutum tafiya a daɓe mai santsi tsakanin ƙarafa biyu. A gida kuwa akwai dokin ƙofa, akwai shimfiɗar da ke naɗe ƙafa, akwai gadon da ya yi ƙasa da yawa, akwai banɗakin da ba abin kamawa. Ma'aikacin gashi zai duba tafiyarsa da ƙarfinsa da sandarewar gaɓoɓi. Masanin ayyukan yau da kullum, in an samu, zai duba wanka da sa kaya da gyaran da ɗakin ke buƙata don kada ya faɗi. Mai horar da magana shi ne wanda maigida ya fi buƙata, ki nace a kansa, in babu a kusa ki tambaya ko akwai mai yi ta bidiyo a waya. Duk wanda ya zo, a sa maigida ya zaɓi abin da yake son cimmawa, abu ƙarami mai suna, kamar ya kai bakin ƙofa da kansa ko ya kira sunan wani da yake so. Ki ɗauki atisayen a bidiyo, ki tambayi sau nawa za a yi a rana da kuma yaushe za a dawo a auna. A riƙa yi gajere-gajere a lokacin da ya fi kuzari, don gajiyar da ke biyo bayan wannan ciwo gaskiya ce, ba lalaci ba ce.

Wannan tsari na kai kulawa inda mutum yake zaune ba sabo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗa shi bayan taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, da ta ga cewa yawancin masu naƙasa a duniya ba za su taɓa kaiwa ga manyan cibiyoyi ba. A ƙa'idojin da ta fitar a 2010 ta kasa aikin gida biyar: lafiya, ilimi, hanyar samun abin rayuwa, zamantakewa, da ikon mutum a kan al'amuransa. Lafiya ɗaya ce kawai cikin biyar. Ko da ƙafar maigida ta yi ƙarfi, in ba shi da inda zai je da wanda zai gani, aikin bai kammala ba.

Nan ne ƙungiyar ta shigo. Yayansa ya ce tallata shi ne. Na fahimci abin da yake karewa, mutuncin ƙaninsa ne. Amma ya sani ciwon nan ba baƙo ba ne, an ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa. Kuma a halin da ake ciki, duk ɗakin da maigida ya shiga shi ne wanda ake jira, shi ne wanda ake tausaya wa. A cikin ƙungiyar ne kaɗai zai zauna inda kowa ya san zafin kalmar da ta maƙale, inda ba wanda zai ƙarasa masa jimla. Zai ga wanda ya yi shekara 4 da faɗuwa ya zo da ƙafarsa, ya ga yadda yake ɗaure takalmi da hannu ɗaya. Gani ya kori ji; abin da za ki yi wata kina faɗa masa, wannan mutumin zai nuna masa a zama ɗaya. Wata ran kuma wani sabo zai zo wanda bai kai shi ba, sai malamin ya sami ɗalibi. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna haɗa atisayen jiki a zaune da a tsaye, da hira, wasu da waƙa, wasu kuma suna haɗa masu ciwon Parkinson, mai sa karkarwar jiki, da waɗanda suka bugu a kai a haɗari. Ɗaya daga cikin sanannun cibiyoyin masu afeziya, wadda ke Toronto a Kanada, matar wani mai irin ciwon maigidanki ce, Pat Arato, ta kafa ta a 1979 bayan an sallami mijinta daga horo ta ga har yanzu yana buƙatar mutanen da zai yi magana da su.

Ki fara zuwa ke kaɗai. Ki ga wa ke jagoranta, ko akwai ƙwararre a ciki, mutum nawa ne, ko akwai masu matsalar magana, ko akwai matakala a ƙofar, ina banɗaki yake. Ba kowace ƙungiya ce za ta dace da shi ba. In kika tarar taron surutu ne na masu lafiyar baki, zai iya fitowa ya fi da jin kaɗaici. Ki ɗauko hoton wurin, da izininsu. Sannan ki zauna da shi da takarda da katunan nan biyu ki tambaye shi abin da ya sa ya ƙi, ɗaya bayan ɗaya: tsoron faɗuwa ne? Tsoron fitsari ya matse shi a hanya? Kada tsofaffin ɗalibansa su gan shi? Gajiya? Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma ko wanne cikin waɗannan maganinsa daban. Ki roƙi wani namiji daga ƙungiyar, wanda shekarunsu suka zo kusa, ya zo gida su gaisa na minti 20. In ya amince da zuwa, ku yi yarjejeniya: sau uku za a gwada, kuma in ya yi wata alama da kuka shirya, ku tashi nan take ba gardama. Ki cika wannan alkawari ko da kun yi minti 5 ne da zama. In kuma ya ce a'a, a'a ce. Ki bar zancen, masu zuwa gida su ci gaba da aikinsu, a duba damuwar, bayan wasu makonni ki sake tambaya.

Masu dubiyar da suka ɗauke ƙafa, kada ki yanke musu hukunci tukuna. Yawancinsu sun daina zuwa ne don sun rasa abin da za su yi in sun zauna. A 1965 wata 'yar fim Ba'amurkiya, Patricia Neal, ta yi wannan ciwo tana da shekara 39, ɓarin dama ya taɓu, magana ta ɗauke. Da ta koma gidansu a wani ƙauye a Ingila, mijinta ya tsara abokai da maƙwabta, kowa da lokacinsa, suna zuwa suna yi mata horon magana da karatu. A 1968 ta koma fim. Ɗaya daga cikin maƙwabtan, Valerie Eaton Griffith, daga baya ta mayar da abin tsarin 'yan sa kai da ya bazu a Birtaniya. Horon nata ya yi tsanani ƙwarai, ban ce ki kwaikwayi tsananin ba. Abin ɗauka shi ne kowa an ba shi rana da awa da aiki. Ki zaɓi mutum uku ko huɗu da shi maigidan ya nuna yana so, da tsohuwar zuma ake magani. Ki ce wa wannan, "Ranar Talata da yamma, rabin awa, ku duba tsofaffin hotuna tare." Wancan ya zo su saurari labarai ya riƙa tambayarsa ra'ayinsa da katin "e" da "a'a". Ki koya musu jira, ki hana su jarrabawa. In akwai yaro mai aikin makaranta, a gwada ya zauna kusa da shi ya yi, malam ya nuna inda ya ga kuskure da yatsa. In karatun ya yi masa wuya yanzu a bari, kada abin ya zama wani ciwon. Kuma harkar gida, ta kuɗi ce ko ta yara, a ci gaba da kawo masa ita yana yanke hukunci.

Yayansa ma a ba shi aiki. Kada ki yi jayayya da shi a kan wata 6; ki gayyace shi ya zauna ranar da ma'aikacin gashi zai zo, ya yi tambayarsa ya ji amsa daga bakin masani. Sannan ki roƙe shi ya riƙe abu ɗaya, ko rakiyar tafiya zuwa bakin ƙofa ko kai ku wurin ƙungiyar. Wanda ya riƙe sandar ƙaninsa sau biyu a sati zai ga canjin da kansa.

Saura ke. Tsawar da kika yi ba daidai ba ce, kin sani, shi ya sa take cin ki. Ki je ki ba shi haƙuri da kalmomi kaɗan, yana ganewa. Amma ki kalli inda ta fito: wata 9 ba hutu, ba barci cikakke, kuma mutumin da kika saba kai wa kukanki shi ne wanda ya kasa amsa miki. Ke ma kin yi rashi, ko da yake yana raye a gabanki, kuma ba laifi ba ne ki ji zafinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Awannin da abokansa za su zo, naki ne: ki fita, ko ki rufe ƙofa ki yi barci, kada ki tsaya hidimar baƙi. Ki auna hawan jininki ke ma. Ki tambaya ko ƙungiyar tana da zaman masu jinya, yawanci suna da shi a gefe, a can za ki faɗi abin da ba za ki iya faɗa wa danginsa ba. In kika ji ranki ya sake tashi irin na ranar, ki tabbatar yana zaune lafiya, ki fita ɗakin, ki kira wani. In abin ya yawaita, ko ke ma barci da ci sun gagare ki, ki ga likita don kanki.

Abu ɗaya kuma kada ya shige a cikin hidima: wanda ya yi wannan ciwo sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, kuma hawan jini shi ne babban mai jawo shi. Kada a tsayar da magungunansa don an ga ya samu sauƙi, a riƙa auna jinin, in yana da ciwon suga a kula da shi. In wata rana kika ga bakinsa ya ƙara karkacewa, ko wani sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko 'yan kalmomin nan sun ɓace farat ɗaya, a tafi asibiti nan take ko da abin ya wuce bayan mintuna, ki kuma riƙe lokacin da ya fara, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta.

Ba ki gaya mini yadda ruwan ya zube ba. In da kansa ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, to ranar ya yi yunƙurin yi wa kansa wani abu ne, kuma ina so ya sake. Gobe da safe ki zaunar da shi sosai, ki shimfiɗa tawul a cinyarsa, ki zuba ruwa rabin kofi mai mariƙi, ki ajiye a gabansa ta hagu, hannun daman yana kan tebur. Ki zauna kusa da shi, hannayenki a cinyarki, ki jira.